Ina Ayyukan Masana'antu Suka Tafi? Tambayoyi da Amsoshi kan Injuna, Sabuwar Fasaha da Sauyin Aiki

Duk lokacin da aka rufe wata babbar masana'anta, ko aka ji labarin na'urar da ke yin aikin mutum goma, tambayoyi iri ɗaya ne ke tasowa. Ga waɗanda aka fi yi, tare da alƙaluma da bayanin yadda abin yake gudana a cikin masana'anta da wajenta.

Mece ce durƙushewar masana'antu?

Ita ce raguwar kason masana'antu a tattalin arzikin ƙasa. Ana auna ta ta fuska biyu, kuma cakuɗa su ne ke jawo yawancin gardama. Ta farko, mutum nawa cikin ma'aikatan ƙasa ke neman abinci a masana'anta. Ta biyu, kashi nawa na dukiyar da ƙasa ke samarwa a shekara ya fito daga can.

A Amurka yawan ma'aikatan masana'antu ya kai ƙololuwa a 1979, wajen miliyan 19 da rabi. A 2000 suna wajen miliyan 17, zuwa 2010 sun gangaro miliyan 11 da rabi. Birtaniya tana da kusan miliyan 9 a tsakiyar shekarun 1960, yau ba su kai miliyan 3 ba. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna cewa a ƙasashe 23 masu arziki, kason ma'aikatan masana'antu ya sauka daga kashi 28 cikin 100 a 1970 zuwa kashi 18 a 1994. Wato gangarowar ta girmi shigowar kayan ƙasar Sin kasuwannin duniya.

Noma ne ya fara bin wannan hanya. A 1900 kusan kashi 41 na ma'aikatan Amurka a gona suke, yau ba su kai kashi 2 ba, kuma amfanin da ake girbewa ya ninka na da.

Ke nan waɗannan ƙasashe sun daina ƙera kaya?

A'a. Dubi ƙarafa. Tsakanin 1962 da 2005 masana'antar ƙarafa ta Amurka ta rage kashi uku cikin huɗu na ma'aikatanta, kimanin mutum 400,000, amma nauyin ƙarfen da take fitarwa bai yi wani sauyin kirki ba. A tsohon tsari sai an gasa kwal, a narka tama a ƙaton tanderu, a tace narkakken ƙarfen a wani tanderun, a zuba shi ya daskare, a sake ɗumama shi kafin a murza. Kowane mataki da rundunarsa. Ƙananan masana'antun da suka zo daga baya tsofaffin ƙarafa suke narkawa da wutar lantarki, su zuba narkakken kai tsaye cikin injin da ke fitar da shi a miƙe. Matakai biyu ko uku sun fita, ma'aikatansu suka bi su.

Akwai kuma abin da lissafi ke ɓoyewa. A da masu shara, masu gadi, direbobi da akantocin masana'anta duk ma'aikatanta ne. Da aka koma ba kamfanonin waje kwangilar waɗannan ayyuka, sai aka riƙa ƙidaya su a ɓangaren hidima, alhali mai gadin yana bakin ƙofar da ya saba. Sannan idan samun mutane ya ƙaru, ba firij na uku suke saya ba. Kuɗin asibiti, makaranta da tafiye-tafiye ne ke ɗaukar ƙarin.

Wa ya fi cin ayyukan, inji ko kayan waje masu araha?

Ya danganta da lokaci da kuma irin kayan. Daga shekarun 1960 zuwa 2000 raguwar a hankali take, kuma injuna da sauyin abin da mutane ke saya su ne kan gaba. Bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disambar 2001, abin ya zama ambaliya. Masanan tattalin arziki David Autor da Daron Acemoglu da abokan bincikensu sun ƙiyasta cewa tsakanin 1999 da 2011 gasar kayan Sin ta ci kusan ayyuka miliyan ɗaya a masana'antun Amurka, ko miliyan 2 zuwa 2.4 idan an haɗa da na sauran sana'o'in da suka dogara da su. Kujeru da gadaje, tufafi, takalma da kayan wasan yara su suka fi jin jiki. A Janairun 2005 kuma aka soke tsarin da ke ƙayyade yawan yadi da tufafin da kowace ƙasa za ta shigar Turai da Amurka, ɗinki ya ƙara tattaruwa a Asiya.

Hanyar bambancewa mai sauƙi ce. Idan kayan da ake fitarwa suna nan ko sun ƙaru amma ma'aikata sun ragu, aikin inji ne. Idan kaya da ma'aikata sun ragu tare, na waje kuma suna ƙaruwa a kasuwa, aikin ciniki ne.

Sai dai raba su biyun bai cika yiwuwa ba, don cinikin ma fasaha ce ta ɗauke shi a kai. A Afrilun 1956 wani ɗan kasuwar sufuri, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston a Amurka. Kafin nan lebura ne ke ɗaukar buhu da akwati ɗaya bayan ɗaya, jirgi ya kwashe kwanaki a tasha. Kuɗin lodin tan ɗaya ya faɗo daga kusan dala 6 zuwa santi 16. Akwatin ƙarfe kawai, babu wata dabara ta a-zo-a-gani a jikinsa, amma shi ya sa ɗinka riga a nahiya ɗaya a sayar a wata ya zama abin riba, shi ya kuma share yawancin leburorin tsofaffin tasoshin Landan da New York.

Wane irin aiki inji yake fara ɗauka?

Wanda za a iya rubuta ƙa'idarsa daga farko zuwa ƙarshe, ana maimaita shi sau dubu ba sauyi, a wuri mai tsari. Mutum-mutumin masana'anta na farko, Unimate, ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke New Jersey, yana ɗauko sassan ƙarfe masu zafi daga injin zubi. Gangar jikin mota ɗaya tana da ɗigon walda dubbai, kowane a wurin da ba ya sauyawa, shi ya sa walda da fenti suka koma hannun inji da wuri. Amma ka shiga sashen ƙarshe, inda ake shimfiɗa wayoyin lantarki, a saka kujeru da robobin ƙofa, za ka tarar da mutane cike. Waya tana lanƙwashewa, roba tana talewa, kowace da yadda take zuwa. Haka yadi yake: yana zamewa, yana tattarewa, shi ya sa har yau kusan kowace riga sai ta bi ta hannun tela a kan keke.

Wannan shi ne abin da ke ba mutane mamaki. Lissafin da ke gagarar ɗan Adam wasa ne ga kwamfuta, amma ɗaukar ƙwai daga kwando ba tare da an fasa shi ba, ko shiga ƙarƙashin bene a gano inda famfo ke yoyo, yana ba inji wahala matuƙa.

A ofis ma haka aka yi. Masu buga tafireta, masu haɗa layin tarho, akawun da ke cike littafin shiga da fita, masu jera haruffa a maɗaba'a, duk ayyukan tsakiya ne: albashi mai kyau, ba sai da digiri ba. Su suka fi tafiya. Aka bar sama, wato injiniyoyi, likitoci da manajoji, da ƙasa, wato masu shara, masu jinyar tsofaffi da masu kai saƙo. Tsanin da mai takardar sakandare ke hawa ya kai ga rufin asiri shi ne ya rasa matakalansa na tsakiya.

An ce na'urar ATM ba ta rage ma'aikatan banki ba. Da gaske ne?

Na tsawon lokaci, i. Masanin tattalin arziki James Bessen ya nuna cewa tsakanin 1988 da 2004 kashiyoyin, wato masu karɓa da biyan kuɗi, da reshen banki ɗaya ke buƙata a biranen Amurka sun ragu daga kimanin 20 zuwa 13. Buɗe reshe ya yi araha, bankuna suka ƙara rassa da kashi 43 cikin 100, jimillar kashiyoyi ba ta faɗi ba. Aikinsu ne ya sauya, daga ƙirga kuɗi zuwa buɗe asusu da tallan bashi. Amma kada a tsaya nan a labarin. Da banki ya koma cikin wayar hannu, rassan kansu aka fara rufewa, kashiyoyi suka ragu sosai. Na'urar farko wani yanki na aikin ta ɗauka. Ta biyu ta sa mutum ba ya buƙatar zuwa wurin ma sam.

Yaya mai masana'anta yake lissafi kafin ya sayi mutum-mutumi?

Abin farko da sabon shiga ke kuskurewa shi ne ɗaukar kuɗin hannun injin a matsayin kuɗin aikin. Hannun sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na jimillar kuɗin ba. Saura yana tafiya ga abin kamu da ake ɗaura masa a baki, maƙallan da ke riƙe kaya a wuri guda, kyamara da na'urorin gano motsi, shingen kariya, bel mai kawo kaya, rubuta manhaja, horar da masu kula, da ranakun da layi zai tsaya ana girkawa.

A ƙaddara duka sun ci dala 150,000, kuma injin zai maye gurbin mutum ɗaya a kowane zangon aiki na awa takwas. A ƙaddara ma'aikaci ɗaya yana cin kamfani dala 50,000 a shekara, da albashi da inshora da fansho, wuta da gyaran injin kuma suna cin 10,000. Idan zango ɗaya ake yi, ragin shekara 40,000 ne, kuɗin zai dawo cikin kusan shekara huɗu. Idan zango biyu ne, ko da gyara ya tashi zuwa 15,000, ragin 85,000 ne, kuɗin ya dawo kafin shekara biyu. Yanzu kai wannan injin ƙasar da ma'aikaci ke cin dala 5,000 a shekara. Albashin mutum biyu 10,000 ne, kuɗin gyara kaɗai ya cinye shi. Ba ranar dawowa.

Wannan lissafi ne ya sa mutum-mutumi suka taru inda albashi ke da tsada, matasa suke ƙaranci, kaya kuma ake yi da yawa iri ɗaya. Koriya ta Kudu tana da sama da 1,000 ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, ita ce kan gaba a duniya. Sin, da albashinta ya tashi, ita ke girka fiye da rabin sababbin da ake sayarwa kowace shekara. Kuɗin ruwan banki ma yana cikin lissafin: inda bashi ke da tsada, shekara huɗu ta jira ta yi nisa.

Me ke lalacewa idan an girka injin?

Abu na ɗaya, kayan da ke shigowa. Mutum idan ya ɗauki ƙarfen da ya ɗan karkace, zai juya shi ya daidaita ba tare da ya ma lura ba. Inji zai yi walda a inda aka ce masa, ko ƙarfen na wurin ko ba ya nan. Don haka kafin a sayi inji sai an matsa wa masu kawo sassa su daidaita awonsu, wannan kuma yakan fi sayen injin wuya.

Na biyu, tsayawa. Idan injuna goma suna jere, kowane yana aiki kashi 98 cikin 100 na lokaci, layin gaba ɗaya wajen kashi 82 kawai zai yi, don tsayawar ɗaya tsayawar duka ce. Maganinsa a bar ɗan tarin kaya tsakanin inji da inji, a ajiye kayan gyaran da suka fi saurin ci, a kuma sami makanikin lantarki a kowane zango. Wutar da ke rawa ko ɗaukewa tana ƙona allunan sarrafawa, ta sa inji ya manta matsayinsa.

Na uku, sauyin kaya. Injin da aka tsara don samfuri ɗaya, in kasuwa ta juya, sai an sake maƙallai da manhaja. Adidas ta buɗe masana'antun takalma masu sarrafa kansu a Ansbach ta Jamus da kusa da Atlanta ta Amurka, a 2019 ta sanar da rufe su ta mayar da fasahar wurin masu yi mata aiki a Asiya. A 2018 Elon Musk da bakinsa ya amsa cewa Tesla ta wuce gona da iri wajen cusa injuna a layin motar Model 3.

Na huɗu shi ne wanda ba ya fitowa a takarda: sanin da ke kan tsofaffin ma'aikata. Wanda ya shekara ashirin a gaban tanderu yana gane matsala daga ƙara ko launin wuta. In aka sallame shi kafin a kwashi wannan sani, sai an saye shi da asara.

Akwai darasi daga zuwan lantarki. Tun shekarun 1880 ake da shi, amma sai a shekarun 1920 ribarsa ta bayyana a masana'antu. Da farko cire injin tururi kawai aka yi aka sa ƙaton injin lantarki yana juya dogon sandan ƙarfen da ke juya dukan injunan da bel-bel. Sai da aka ba kowane inji nasa ƙaramin injin lantarki, aka sake jera injuna bisa yadda kaya ke tafiya, sannan aka ga bambanci.

Idan sababbin ayyuka suna fitowa, me ya sa garuruwa ke mutuwa?

Suna fitowa kam. Binciken Autor da abokansa ya gano cewa kimanin kashi 60 na ayyukan da Amurkawa ke yi a 2018 suna ƙarƙashin sunayen sana'o'in da babu su a 1940. Matsalar ita ce sabon aikin ba a garin da tsohon ya mutu yake fitowa ba, ba kuma mutumin da ya rasa nasa yake nema ba.

Masana'antu suna taruwa wuri ɗaya, don haka faɗuwarsu ma wuri ɗaya take sauka. Ranar 19 ga Satumban 1977 aka sanar da rufe wata masana'antar ƙarafa a yankin Youngstown na jihar Ohio, mutum kusan 5,000 suka rasa aiki. Daga nan abin yake bin layi. Ƙananan kamfanonin da ke kawo sassa su rufe, shaguna su rasa masu saye, harajin gari ya ragu, makarantu da tituna su lalace, darajar gidaje ta faɗi. Wannan na ƙarshe shi ne tarkon: mai son ƙaura ba zai iya sayar da gidansa da kuɗin da zai sayi wani a garin da ake ɗaukar aiki ba. Matasa masu takarda su fice, a bar tsofaffi da bashin fansho. Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, tana da mutum miliyan 1.85 a 1950, a 2020 ba su kai 640,000 ba, kuma a 2013 birnin ya je kotu ya ayyana karyewa da bashin kusan dala biliyan 18.

Wanda aka sallama, yana komawa inda yake?

Galibi a'a. Wani sanannen bincike na 1993 kan ma'aikatan jihar Pennsylvania da suka daɗe a kamfani kafin a yi musu sallamar taro ya nuna cewa ko bayan shekara biyar zuwa shida, samunsu yana ƙasa da kimanin kashi 25 cikin 100. Wani ɓangare na tsohon albashin ladan sanin injunan wannan kamfani ne da ƙarfin ƙungiyar ƙwadago, kuma ba a tafiya da su. Wani binciken na 2009 a jihar ya gano cewa sallama a tsakiyar shekarun aiki tana rage tsawon rai da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Sake horar da ma'aikata yana aiki kuwa?

Irin wanda ake tara mutane a aji wata uku a koya musu kwamfuta sama-sama, a ba su takarda a sallame su, sakamakonsa kaɗan ne. Wanda ke aiki yana da alamomi. Ana fara shi tun mutum bai bar aiki ba, shi ya sa sanarwa da wuri take da muhimmanci. Dokar Amurka ta 1988 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama ya ba da kwana 60 kafin rufewa. Ana tsara shi da kamfanonin da ke da gurbi a ƙasa. Ana biyan mai koyo abin da zai riƙe gida, don magidanci ba zai zauna aji da yunwa ba. Kuma ana ɗora shi kan abin da mutum ya riga ya iya: mai walda ya koyi saita mutum-mutumin walda, makaniki ya koyi allunan sarrafa inji. Tsarin koyon sana'a na Jamus, shekara biyu zuwa uku da rabi, kwana uku ko huɗu a kamfani, sauran a makaranta, a kan wannan tushe yake.

Jamus tana da wata dabarar ta lokacin matsi: a rage awannin aiki maimakon sallama, gwamnati ta biya kashi 60 na albashin da aka rasa, ko 67 ga mai 'ya'ya. A Afrilun 2020 kusan mutum miliyan 6 ne ke kan wannan tsari. Yana maganin matsin wucin gadi, amma ba ya ceton sana'ar da kasuwarta ta ƙare.

Sauri ma yana da nasa. Jamus ta Yamma tana da masu haƙar kwal wajen 600,000 a 1957, kuma sai a Disambar 2018 aka rufe mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe a Bottrop da ke yankin Ruhr. Shekara sittin ana ragewa ta hanyar ritaya da wuri da sauya wa mutane wurin aiki, ana gina jami'o'i a yankin Ruhr, irin ta Bochum da aka buɗe a 1965. Ya ci kuɗi mai yawa, kuma har yau rashin aiki a wasu biranen yankin ya fi na sauran ƙasar. Birtaniya kuwa tana da mahaƙu kusan 170 a 1984, shekarar babban yajin aiki, bayan shekara goma waɗanda suka rage a hannun hukumar kwal ba su kai 20 ba.

Harajin shigo da kaya zai dawo da ayyukan?

Yakan dawo da kaɗan, da tsada. A 2018 Amurka ta sa haraji kan injunan wanki na waje. Masu bincike sun gano farashinsu ya tashi da kusan kashi 12, na injunan busar da kaya ma ya bi, duk da ba a sa musu haraji ba, don tare ake sayensu. An sami ayyuka kimanin 1,800, kowane ya ci masu saye wajen dala 815,000 a shekara. Harajin ƙarfe ya fi wannan sarƙaƙiya, don masu aiki a kamfanonin da ke sayen ƙarfe sun ninka masu narka shi sau da yawa. Kuma masana'antar da ta dawo, da sababbin injuna take dawowa, ba da tsohuwar rundunarta ba. Ƙasa tana iya kare wata masana'anta don tsaro ko don ta koyi sana'ar, kamar yadda Koriya ta Kudu ta yi, amma ita ta haɗa kariyar da sharaɗin sai kamfani ya iya sayarwa a kasuwar waje.

Ƙasashen da ba su gama gina masana'antu ba fa?

Nan ne abin ya fi ban tsoro. Dani Rodrik na Jami'ar Harvard ya kira shi durƙushewa tun ba a girma ba. Birtaniya da Jamus sai da masana'antu suka ɗauki sama da kashi 30 na ma'aikatansu kafin su fara sauka, Koriya ta Kudu ta kai kusan 28 a ƙarshen shekarun 1980. Brazil ta juyo daga wajen 16, Indiya daga wajen 13, kuma suna da sauran talauci lokacin da suka juyo. Masana'anta ita ce ƙofar da ke ɗaukar ɗan ƙauye mara dogon karatu, cikin makonni ta ninka abin da yake samarwa. In ƙofar ta ƙuntata, mutanen da suka baro gona sai su ƙare a ƙananan saye da sayarwa na birni, inda samu ba ya ƙaruwa. Ɗinkin tufafi ne ya rage a buɗe sosai: Bangladesh tana da ma'aikata kusan miliyan 4 a ciki, kuma shi ne sama da kashi 80 na abin da take fitarwa waje.

Ƙasa mai man fetur ko ma'adinai tana da ƙarin ciwo. Kuɗin waje ya kwararo, kuɗin ƙasa ya yi ƙarfi, kayan waje su yi araha, na gida su kasa gasa. Mujallar The Economist ce ta raɗa masa suna cutar Holan a 1977, bayan abin da ya biyo gano iskar gas a Groningen ta ƙasar Holan a 1959.

Ƙirƙirarriyar basira za ta cinye rabin ayyuka, kamar yadda ake faɗa?

Wannan magana ta samo asali daga binciken Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford a 2013, wanda ya ce kashi 47 na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗari. A 2016 masu bincike na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe galibi masu arziki, suka sake lissafin suka sami kashi 9. Bambancin daga ma'auni ne. Na farko sun ɗauki sana'a dunƙule, na biyu sun warware ta zuwa ƙananan ayyukan da mutum ke yi a yini, suka ga yawancin sana'o'i suna da ɓangaren da inji ba ya iyawa.

Abin da ya bambanta manhajojin da suka bazu tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 shi ne sun taɓa rubutu, fassara, zane da rubuta manhaja. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2023 ta ce aikin akawu da sakatariya ne ya fi fuskantar su, kuma mata ne suka fi yawa a ciki. Wani bincike a kan masu amsa koken abokan ciniki ya nuna manhajar ta ƙara yawan aikin da ake gamawa da kashi 14, sababbin ma'aikata kuma da wajen kashi 34, ƙwararru kuwa kusan ba ta ƙara musu komai ba. Damuwar da muke ganin ta fi cancanta ita ce ta matakin shiga. Ƙananan ayyukan da ake ba sabon ɗauka ya koyi hannu da su, su ne manhaja ta fi iyawa. In ba a ɗauki ɗan koyo yau ba, daga ina ƙwararren shekara goma masu zuwa zai fito?

Aikin da ake samu ta manhajar waya, aiki ne na sosai?

Samu ne, amma nauyin da kamfani ke ɗauka a da, wato abin hawa, mai, gyara, jinya, hutu da fansho, ya koma kan mai aikin. Duk mai auna shi ya cire waɗannan, ya raba abin da ya rage da dukan awannin, har da na zaman jira. Kotuna sun fara shiga: a Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber, kamfanin tasi na manhajar waya, ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar ayyukan manhaja.

Ta yaya mutum zai auna haɗarin da aikinsa ke ciki?

Ka ɗauki mako biyu kana rubuta abin da ka yi da awannin da ya ci. Sannan ka raba su uku: wanda za ka iya rubuta wa baƙo umarninsa a shafi ɗaya ya yi daidai, wanda sai da hukunci ko sanin mutane, da wanda sai da hannu a wurin da ba shi da tsari. In kashin farko ya haura rabin lokacinka, fara neman ƙaura zuwa sauran biyun tun kana da albashi. Wuri mafi kusa yawanci yana gefen injin ne: saita shi, gyara shi, duba ingancin abin da ya fitar. Ka nemi takardar shaidar da wasu kamfanoni suka sani, don ƙwarewar da kamfaninku kaɗai ya san da ita tana mutuwa ranar da ya rufe.

Masana'antar ma tana nuna alama kafin ta faɗi. An daina sayen sababbin injuna, ana ɗage gyaran shekara, ana cire sassa daga wani inji a gyara wani. An daina ɗaukar 'yan koyo, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Sabon samfuri an kai shi wani reshe, ku an bar ku da tsohon. Masu kawo kaya sun fara cewa sai an biya kafin su sauke. In uku daga cikin waɗannan suka haɗu, lokaci ya yi da za a je ofishin ma'aikata ko wurin wakilin ƙungiyar ƙwadago a tambayi yadda ake lissafin kuɗin sallama, a kuma tabbatar kuɗin fansho yana asusun da ba na kamfanin ba.